FIYODO SHALIYAPIN: MAWAƘIN DA SADAKAR FARAN 5,000 TA RABA DA ƘASARSA

Daga Wakilinmu

A cikin shekarar 1927 wani mawaƙi ɗan ƙasar Rasha da ke zaune a birnin Faris ya gama gyaran sabon gidansa, sai ya nufi cocin mutanen ƙasarsu da ke kan titin Daru domin ya gayyato limami ya sa wa gidan albarka, kamar yadda al'adarsu ta gada. A harabar cocin ya tarar da mata da ƙananan yara cikin tsummoki, iyalan Rashawa 'yan gudun hijira waɗanda masu gidajensu suka rasa aikin yi. Tausayi ya kama shi, ya danƙa wa limamin, mai suna Spaski, faran 5,000 na kuɗin Faransa domin a taimaki yaran. Limamin kuwa ya buga 'yar sanarwa a wata jaridar 'yan gudun hijira, labari ya kai Mosko. Kafin watan Agusta ya ƙare gwamnatin Sobiyet ta tuɓe masa lambar girman da ta ba shi, ta Mawaƙin Jama'a, bisa zargin ya taimaki abokan gaban juyin juya hali. Daga nan bai sake taka ƙasarsu ba har ya mutu.

Sunan wannan mutum Fiyodo Ibanobic Shaliyapin, wanda Turawan Yamma ke rubutawa Chaliapin. Masana kiɗa da waƙa da yawa suna ganin a cikin masu murya mai kauri ba a yi kamarsa ba a zamaninsa.

ƊAN TALAKA DAGA KAZAN

An haife shi ran 13 ga watan Fabrairu, 1873, a Kazan, wani tsohon birni kusa da kogin Bolga inda Rashawa Kirista da Tatar Musulmi suke zaune tare. Ubansa manomi ne daga lardin Biyatka wanda ya zo birni ya sami aikin kwafe takardu a ofishin hukuma, amma rabin albashin a gidan giya yake ƙarewa, abin da ya rage kuwa ba ya isa cefane. Karatun yaron bai yi nisa ba. An kai shi koyon ɗinkin takalma, an kai shi wurin masassaƙi, an kuma sa shi kwafe takardu irin na ubansa, duk bai zauna ba. Abu ɗaya ya riƙe, shi ne waƙa a coci, inda wani shugaban mawaƙa maƙwabcinsu ya koya masa karanta rubutun kiɗa, yana samun 'yan kwabbai a wurin ɗaurin aure da jana'iza.

Yana da shekara 17, watau a 1890, ya shiga wata ƙungiyar 'yan wasa a garin Ufa a matsayin ɗan amshi. Wasan da suke yi shi ne wanda Turawa ke kira ofera, watau wasan kwaikwayo wanda ba a magana a cikinsa, kome da waƙa ake faɗa, makaɗa suna biye. Wata rana babban mawaƙi ya kasa fitowa, aka tura yaron ya maye gurbinsa. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya tafi zai zauna bayan ya gama waƙarsa, ashe an janye kujerar, ya zube a ƙasa gaban 'yan kallo. Duk da haka aka ƙara masa albashi.

Bayan wannan ya yi ta yawo da ƙananan ƙungiyoyi, yau a ci, gobe a kwana da yunwa, har uwarsa ta rasu cikin talauci ba ya kusa. A 1892 ya faɗa birnin Tiflis, wanda yanzu ake kira Tibilisi, babban birnin Jojiya, ba shi da ko anini. A can ya gamu da Dimitiri Usatof, tsohon mawaƙin babban gidan wasa na Mosko, wanda ya ji muryarsa ya ɗauke shi almajiri kyauta, ya nema masa ɗan kuɗin abinci, har yadda ake zama a teburin manya ya koya masa. Wannan shekara guda ita ce iyakar karatun waƙa da Shaliyapin ya taɓa yi a gaban malami.

A 1895 aka ɗauke shi a gidan wasan Sarki da ke Pitasbag, wanda ake kira Mariyinski, amma shugabannin wurin ba su san abin da Allah Ya kawo musu ba. Wanda ya gane shi ne Saba Mamontof, wani attajiri mai gina hanyoyin jirgin ƙasa, wanda ke da gidan ofera na kansa a Mosko. A 1896 ya janye shi, ya sakar masa mara ya yi wasa yadda ya ga dama. Shekaru ukun da ya yi a nan su ne suka gina shi. Ya zauna da manyan masu zane irin su Serof da Korobin, ya koyi yadda tufafi da kwalliyar fuska suke mai da mutum wani dabam. Wani saurayi mai tsara kiɗa, Rahmaninof, ya zauna da shi suka bi wasan Boris Godunof daki-daki, sa'an nan ya je wurin masanin tarihi Kiluchebski ya ji labarin Sarkin da zai kwaikwaya. Shi Boris ya yi sarautar Rasha daga 1598 zuwa 1605, a cikin wasan kuma an nuna shi ya hau gadon mulki ta kan jinin wani ƙaramin ɗan sarki, alhakin yaron yana binsa har ya haukata shi. Pushkin ne ya rubuta labarin, Musogski ya sa masa kiɗa. Kafin Shaliyapin, yawancin mawaƙan ofera tsayawa suke yi ƙyam su ɗaga murya. Shi kuwa, dogo ƙaƙƙarfa, in ya zo wurin da Sarki ke ganin fatalwar yaron, sai ya yi ta ja da baya yana raɗa, har 'yan kallo su riƙa waiwayen kusurwar da yake kallo.

Daga nan sai ɗaukaka. Ya koma babban gidan wasa na Bolshoi a 1899. A 1901 ya yi wasa a La Scala ta birnin Milan tare da Karuso, Toskanini yana jagorancin makaɗa, ya ci Italiyawa a gidansu. A 1907 da 1908 Diyagilef ya kai shi Faris, inda Faransawa suka ga Boris Godunof a karo na farko. A 1910 Masene, Bafaranshe mai tsara kiɗa, ya shirya wasan Don Kishot musamman dominsa, aka buɗe a Monte Karlo.

Siyasa kuwa tun da wuri take yi masa tarko, shi kuma ba gwaninta ba ne. Abokin marubuci Gorki ne na ƙut-da-ƙut, su biyu duk sun sha wahalar yarinta a Kazan. A 1905, lokacin tarzomar farko, ya rera wata tsohuwar waƙar ma'aikata a dandamalin Bolshoi, masu sarauta suka ce ɗan tawaye ne. A 1911 'yan amshin Mariyinski suka durƙusa gaban Sarki Nikolas na Biyu suna taken ƙasa, domin suna neman a gyara musu fansho, Shaliyapin da abin ya rutsa da shi a kan dandamali shi ma ya kai gwiwa ƙasa. Masu neman sauyi suka ce ya ci amana, har Serof ya yanke hulɗa da shi.

Da 'yan Bolshebik suka karɓi mulki a 1917, da farko sun rungume shi, tun da ɗan talaka ne na ainihi. A 1918 aka ba shi ragamar wasanni a Mariyinski, shi ne kuma mutum na farko da aka ba lambar Mawaƙin Jama'a. Amma kuɗinsa na banki sun tafi, ana yi masa binciken gida a kai a kai, wani lokaci ladan waƙarsa buhun gari ne ko sukari. A watan Yuni na 1922 ya fita da izinin gwamnati, da sunan zagayen wasanni, tare da Mariya, wadda ya aura daga baya, da 'ya'yansu mata. Uwargidansa Iyola, Ba'italiya, ta zauna a Mosko da 'yarsu Irina.

WATA RASHA A WAJEN RASHA

Ya kamata mai karatu ya san irin jama'ar da ya tarar a waje. Juyin juya hali da yaƙin basasar da ya biyo baya, tsakanin Jajayen sojoji na Bolshebik da Fararen sojoji masu adawa da su, sun kori mutane wajen miliyan ɗaya ko fiye daga ƙasar. A watan Nuwamba na 1920 kaɗai, jiragen ruwa 126 sun kwaso mutane kusan 150,000 daga Kirimiya zuwa Santambul tare da Janar Birangel. Wasu dubbai sun bi jiragen yaƙin har Bizat a ƙasar Tunisiya. Sauran suka watsu Balin da Firag da Belgired da Sofiya, a gabas kuma Harbin da Shanghai a ƙasar Sin. A ƙarshen 1921 Mosko ta soke 'yancin ɗan ƙasa na mafi yawansu, suka zama ba su da fasfo, sai wata takarda da Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani ta fito da ita a 1922, wadda ake kira fasfon Nansen.

Faris ce ta zama cibiyarsu. Tsofaffin hafsoshi suna tuƙa tasi, lauyoyi da malaman makaranta suna ɗaure ƙusa a masana'antar motocin Renault da ke Biyankur, matan manya suna ɗinki. Da farko kowa ya ɗauka zaman wata shida ne ko shekara, akwatunansu ma a ɗaure suke. Da shekaru suka yi ta wucewa, 'ya'yansu suka fara amsa musu da Faransanci, sai tsoro ya shige su, na kada harshe da al'ada su mutu a hannunsu. Ƙasa ta kuɓuce, sarauta ta tafi, dukiya ta ƙare, su kansu kuma ba su jituwa a siyasa, domin mai son a mai da Sarki ba ya ga maciji da mai son jamhuriya. Abin da ya rage wanda kowa ya yarda nasa ne shi ne adabi da kiɗa da addu'a.

Saboda haka suka duƙufa. Suka kafa jaridu na kullum, suka buɗe makarantun ranar Alhamis, ranar da 'yan makarantar Faransa ke hutu a lokacin, domin koya wa yara karatun Rashanci. A 1923 suka kafa makarantar koyon kiɗa ta kansu a Faris. Marubuta irin su Bunin, wanda ya ci kyautar Nobel a 1933, sukan kama zaure su karanta rubutunsu a sayar da tikiti, da yawansu da wannan suke biyan haya. Kowace shekara a daren 13 ga Janairu, sabuwar shekara bisa tsohuwar kalandarsu, akan yi babbar liyafa a tara wa marubuta mabukata kuɗi. Mafi girma duka shi ne bikin da suka kira Ranar Al'adun Rasha, wanda aka fara a ƙasar Istoniya a 1924, daga 1925 kuma ya bazu duk inda suke. Sun nemi ranar da ba za ta jawo gardama ba, suka ga ba ta wani sarki ko janar da za ta yi, sai suka tsai da ranar haihuwar Pushkin a farkon watan Yuni. Shi Pushkin ɗin, in mai karatu bai sani ba, kakan mahaifiyarsa baƙin mutum ne da aka kai Rasha yana yaro, har wani masanin tarihi ɗan ƙasar Benin ya kawo hujjojin cewa daga Logon yake, kudu da tafkin Chadi.

A cikin wannan jama'a Shaliyapin ya zama wani abu dabam. Bunin sai mai jin Rashanci ya karanta shi, amma Shaliyapin duniya duka ta san shi. Direban tasin da fasinja ya raina da rana, in dare ya yi yana iya nuna sunan ɗan ƙasarsu a jikin allon babban gidan wasa. In zai yi waƙa shi kaɗai, ba ya tsara jerin waƙoƙi tun da wuri. Akan sayar da ɗan littafi mai ɗauke da waƙoƙinsa, kowace da lambarta, sai ya fito ya dubi jama'a ya faɗi lambar da ransa ya so. In ya kai ga waƙar masu jan jirgin ruwa a kogin Bolga, wadda yakan fara ƙasa-ƙasa kamar daga nesa, ya ɗaga, sa'an nan ya bar ta ta ɓace, Bature yakan yaba gwaninta, Barashe kuwa kogin garinsu yake gani. Da aka kafa ƙungiyar ofera ta Rashawa a Faris a 1929, wadda ta ba mawaƙa da 'yan amshi da masu zane da yawa abin yi, fitowarsa a wasanninta daga 1930 ita ce ke cika zaure. A 1932 kuma ya koma inda ya faro, ya tsaya tare da mawaƙan cocin titin Daru ƙarƙashin shugabansu Afonski, aka ɗauki waƙoƙin ibada a faifan garmaho.

Amma kada a ɗauka zaman lafiya lau suka yi. Shaliyapin mutum ne mai zafin rai, mai faɗa da jagororin makaɗa, kuma mai son kuɗi ba a ɓoye ba. A Niyok ana biyansa har dala 3,000 a dare ɗaya, ya sayi bene a unguwar masu hali a Faris, alhali da yawa daga masu ƙaunarsa ba su iya sayen tikitin ganinsa. Wanda ya taɓa kwana da yunwa a Tiflis, ga iyali biyu da 'ya'ya da yawa a wuyansa, ana iya yi masa uzuri, amma su ba duka suka yi masa ba. Bugu da ƙari, masu tsattsauran ra'ayi a cikinsu ba su manta ya yi wa Bolshebik aiki shekara biyar ba, ga shi kuma ya fito da fasfonsu a aljihu. A wurinsu Ja ne.

HUKUNCIN 1927

Wannan shi ya sa abin da ya faru a 1927 ya zama abin takaici. Shekara biyar yana tafiya a kan siraɗi, bai zagi Mosko a fili ba, domin yana da 'ya da gida a can, bai kuma shiga wata ƙungiyar 'yan gudun hijira ba. Sadakar da ya yi ta yara ce. Amma jaridun Mosko suka mai da ita gudummawa ga Fararen sojoji, mawaƙin juyin juya hali Mayakobski ya yi masa zambo, ƙungiyar ma'aikatan fasaha ta nemi a hukunta shi. Ran 24 ga Agusta majalisar ministoci ta zartar, aka kira shi ofishin jakadanci a Faris aka sanar da shi.

A ganina laifinsa na gaskiya a wurinsu shi ne ƙin dawowa. Gwamnatin da ke cewa ita ce ta talakawa ba ta ji daɗin a ce ɗan talakan da ya fi kowa suna ya zaɓi zama a waje ba. Shaida kuwa ita ce ba su daina zawarcinsa ba. A 1929 Gorki ya sadu da shi a Rum ya lallashe shi ya koma, ya ƙi. A 1932 ya buga littafin tarihin rayuwarsa a Faris, inda ya bayyana abin da ya gani a hannun Bolshebik ba tare da sakaya ba. Gorki ya fusata, abotar shekara talatin ta mutu, ba su sake haɗuwa ba.

Karyewar kasuwar hannun jari ta Amurka a 1929 ta cinye masa dukiya mai yawa, dole ya ci gaba da yawo ko da ƙarfi ya fara raguwa, ga ciwon sukari. A 1933 ya fito a fim ɗin Don Kishot. A 1936 ya tafi gabas mai nisa. A Tokiyo haƙori ya dame shi, mai dafa abincin otal ɗin Imperial ya jiƙa masa nama da albasa har ya yi laushi, har yanzu kuma akwai gashin nama da ake kira da sunansa a Japan. Daga can ya wuce Harbin, birnin da Rashawa suka gina tun 1898 saboda hanyar jirgin ƙasa, wanda a lokacin yake hannun Japanawa. Jama'a suka yi dafifi a tasha domin tarbarsa. A nan ma siyasa ba ta ƙyale shi ba, domin wata ƙungiyar Rashawa masu ra'ayin Fasist ta nemi ya ba ta kuɗi, ya hana, jaridarta ta yi ta zaginsa. Wanda Mosko ta kora don ya yi kyauta, ga shi ana jifansa a Harbin don ya ƙi yi.

Waƙarsa ta ƙarshe a gaban jama'a ita ce wadda ya yi a Isbon, wani gari a bakin teku a Ingila, a watan Yuni na 1937. Likitoci suka gano yana da sankarar jini. Ya rasu a gidansa na Faris ran 12 ga Afrilu, 1938, yana da shekara 65. Aka yi masa addu'a a cocin nan na titin Daru inda ya ga yaran, aka tsaya da gawarsa a babban gidan ofera na Faris mawaƙa suka yi masa ban kwana, dubban 'yan gudun hijira suna biye, aka binne shi a maƙabartar Batinyol. A Mosko jaridar gwamnati ta ba da labarin cikin 'yan layuka, tana cewa ya musanya ƙasarsa da kuɗi.

Bayan mutuwar Stalin a 1953 aka fara sassautawa. Aka sake buga faya-fayansa, aka buga littafinsa amma an cire wuraren da ba a so. 'Ya'yansa kuwa a waje suka yi suna: Boris ya zana hotunan bangon mujallar Time ta Amurka fiye da 400, Fiyodo ƙarami ya zama ɗan wasan fim. A 1984, da yardar iyalinsa, aka tono ƙasusuwansa daga Faris aka kai Mosko, aka binne su ran 29 ga Oktoba a maƙabartar Nobodebici, inda ake binne manyan ƙasa. A 1988 aka mai da tsohon gidansa na Mosko gidan tarihi. Ran 10 ga Yuni, 1991, gwamnatin Rasha ta soke hukuncin 1927 ta ce ba shi da tushe, ta mayar masa da lambarsa, shekara 53 bayan rasuwarsa. A watan Disamba na wannan shekara Tarayyar Sobiyet ta rushe.